Kitsen da Aka Yi wa Kallon Daji

Ɗalibin da ya shiga sashen Hausa na kowace jami'a ba ya ƙare shekararsa ta farko sai ya san cikin bakinsa kamar yadda ya san lungunan unguwarsu. Ana zana masa leɓɓa da haƙora a allo, a nuna masa hanƙa da ganɗa da hanɗa, a gangara da shi zuwa beli da maƙwallato, har ya iya faɗa ba tare da inda-inda ba cewa wannan sauti baleɓe ne, wancan bahanƙe, na gaba da shi kuma bahanɗe. Littattafai irin su Tsarin Sauti da Nahawun Hausa na Farfesa Mu'azu Sani Zariya sun zaunar da waɗannan sunaye daram, har ɗan sakandare yana amsa tambayar jarrabawa da su. Sai dai bakin da aka yi wa wannan hidima baki ne mai lafiya, wanda ba a neman komai daga gare shi illa furuci. Ranar da wani abu ya tsiro a cikinsa, kalmomin da ke rage wa mai bakin ba su da yawa: kumburi, ƙululu, ƙari, sai kuma wadda kowa ke gudun ambato, wato daji. Tsakanin ƙari da daji akwai fili mai faɗi da Hausar yau da kullum ba ta shata masa iyaka ba, kuma a cikin wannan fili ne wani limamin unguwa a ƙasar Katsina ya shafe shekara huɗu yana jiran mutuwar da ba ta taso masa ba.

Liman mutum ne siriri, ya ba hamsin baya, wanda ya yi yawon karatu a gabas tun yana ƙolo, ya haddace Alƙur'ani a ruwayar Warshu, daga baya ya zauna gaban malaman tajwidi ya gyara furucinsa. Muryarsa ita ce jarinsa. Da ita yake jan sallolin bayyane, da ita yake biya wa almajirai, kuma saboda ita mutanen wasu unguwanni ke tsallako masallatansu su zo bin sa asham. Abin ya fara ne kamar ƙwayar gyaɗa a cikin kuncinsa na hagu, daga ƙasa, daura da matauna. Harshensa ne ya fara sanin da shi. Ba ya zafi, ba ya jini, ba ya ruwa. Idan ya danna shi da yatsa sai ya ji shi da laushi, ya zame gefe, ya dawo mazauninsa. Shekara ta zagayo ya kai girman gurjiya. A shekara ta uku ya tasam ma goro, ya fara shiga tsakanin haƙora idan ana tauna ko ana karatu da sauri, har Liman ya cije shi ba sau ɗaya ba a tsakiyar sura.

Inda abin ya fi ci masa rai shi ne harafin lodi. Malaman tajwidi sun ce mafitarsa gefen harshe ce tare da mataunan sama, kuma fitar da shi ta ɓangaren hagu ya fi sauƙi, ya fi yawa a bakin makaranta. Masu nazarin aron kalmomi sun san wannan harafi sarai, domin shi ne ya rikiɗe ya zama "l" a alƙali da alwala da farilla da lamiri da larura, shaidar cewa kunnen Bahaushe ya daɗe da jin yadda iskarsa ke bin gefen harshe. Liman ya yi shekaru yana horar da harshensa kafin ya raba lodi da lam yadda malamansa suka so, ga shi kuma harafin yana jiran sa a ƙarshen Fatiha a kowace raka'a. Da ƙululun ya tokare wannan gefe, sai furucin ya fara fita da nauyi, kamar na mai magana da loma a baki. Mamu ba su ce komai ba, amma shi ya ji. Ya fara tura na'ibinsa gaba a sallar Magariba da Lisha da Asuba, yana cewa mura ce. A azumin shekara ta huɗu bai ja asham ko sau ɗaya ba. Ya koma naɗa rawani da amawali ko a cikin gida, ya daina cin abinci a zaure tare da baƙi.

Abin da ke cikin kuncin nasa likitoci na kiran sa lifoma, daga kalmar Girkanci mai nufin kitse. Tarin ƙwayoyin kitse ne da suka gama girma, irin waɗanda ke ƙarƙashin fatar kowane mutum, sai dai sun taru wuri guda, galibi cikin wata siririyar jaka da ta raba su da naman da ke kewaye. Shi ne ƙarin da ya fi kowane yawa a sassan jiki masu laushi, kuma an fi ganin sa a gadon baya da kafaɗa da wuya da damtse da cinya. Ƙididdigar da rubuce-rubucen likitanci suka fi maimaitawa ita ce kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na irin wannan ƙari yana fitowa ne a kai da wuya, kashi 1 zuwa 4 kacal ke fitowa a cikin baki. Idan ya fito a bakin, cikin kunci ne mazauninsa na farko, kasancewar nan ne kitse ya fi yawa, sai harshe, da ƙarƙashin harshe, da leɓe. Ba kasafai ake samun sa a dasashi ko ganɗa ba. Ya fi kama waɗanda suka haura shekara 40. Girmansa a hankali ne, yawanci bai wuce santimita 3 ba lokacin da ake kai shi asibiti, kuma idan fatar da ta rufe shi ba ta da kauri akan hango rawaya-rawaya ta cikinta. Wannan launi ne ya sa likitan da ake danganta wa bayaninsa na farko, Roux, a shekarar 1848, ya ba shi sunan da ke nufin rawayan tsiron dasashi.

Siffar da ta fi kowace muhimmanci ga mai ɗauke da shi ita ce ba ya cin naman da ke maƙwabtaka da shi, kuma ba ya aika 'ya'yansa ta jini ko ta kaluluwa su je su kafa sansani a huhu ko hanta. Yana ture abin da ke kusa da shi ne kawai, kamar baƙon da ya cika ɗaki da kaya. Rama ba ta tafiya da shi, domin jiki ba ya ɗibar wannan kitse ya ƙona ko da mutum ya shiga yunwa. Masu binciken ƙwayoyin halitta sun gano cewa a cikin da yawa daga irin wannan ƙari akwai sauyin tsari a kuromosom na 12. Yana da 'yan'uwa da ake bambantawa a ƙarƙashin madubin likita: akwai mai gauraye da zaruruwan nama, akwai mai yawan jijiyoyin jini, akwai kuma wanda ke kutsawa tsakanin tsokar harshe ba tare da jaka ba, wanda shi ne ya fi yiwuwar dawowa bayan an cire. Akwai mugun ƙarin kitse, lifosakoma, amma samun sa a baki abu ne mai wuyar gaske. Duk da haka ido da yatsa ba sa yanke hukunci, saboda jakar miyau da ta toshe da wasu tsirrai na cikin baki kan yi kama da shi. Sai an cire an duba a ɗakin gwaji ake tabbatarwa.

Liman bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ya sani shi ne abokin karatunsa, wanda suka ci bara tare a gabas, ya rasu shekaru kaɗan kafin nan da wani gyambo a gefen harshe. Mutumin ya daɗe yana ajiye garin taba a leɓe. Gyambon ya ƙi warkewa, ya yi tauri, ya fara wari, wuya ya kumbura. Da aka kai shi asibiti aka yi masa aiki, bai cika wata biyar ba ya cika. A zaman makoki Liman ya ji abin da ake faɗa a irin wannan wuri, cewa daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura ko wuƙar likita sai ya fusata ya bazu. Wannan magana ta zauna a zukatan jama'a ne saboda abin da ido ke gani yana goyon bayanta. Ana kai mai ciwon asibiti bayan ciwon ya riga ya bazu, a yi aiki, ya rasu ba da jimawa ba, sai a ɗora wa wuƙa laifin da jinkiri ya yi. Maganar kuma ta sa na gaba ya ƙara jinkiri, shi ma ya je a makare, mutuwarsa ta zama sabuwar hujja.

Tsoron Liman yana da tushe. Alƙaluman hukumar binciken ciwon daji ta duniya na shekarar 2020 sun nuna sababbin masu ciwon dajin leɓe da cikin baki sun haura 377,000, waɗanda suka rasu kuma sun haura 177,000. A ƙasar Hausa, kalmar daji tana ɗauke da kaya fiye da wannan ma. Ana jingina ta ga ƙarin muƙamuƙin yara da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, wanda ke girma cikin makonni amma yake jin magani idan an fara da wuri. Ana jingina ta ga cutar zaizayar baki da fuska da ke kama ƙananan yara masu tamowa, wadda ƙwayoyin cuta ne ke haddasa ta, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki ke tsayar da ita a farkonta. Saboda wannan cuta aka kafa asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ita jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamba na 2023. Sunanta na likitanci, noma, ya zo ya ci karo da sunan sana'ar da ta fi kowace daraja a wurin Bahaushe, don haka bai taimaka wa mai bayani a ƙauye ba. Cututtuka uku ke nan masu asali daban da magani daban, ga kuma ƙarin kitse na huɗu wanda ba ya kisa, duk sun taru a ƙarƙashin kalma ɗaya. Kalmar kuma da kanta tana nuni ga wurin da ba shi da ganuwa, mazaunin namun dawa da iskoki, inda wanda ya shiga ba shi da tabbacin fitowa.

Murray Last, wanda ya yi bincike a yankin Malumfashi, ya wallafa wata maƙala a 1981 a kan muhimmancin rashin sani a harkar magani, inda ya nuna cewa mutane kan zaɓi kada su sani, kuma wannan zaɓi yana da gurbi a tsarin zamansu. Littafin Lewis Wall na 1988 a kan magani da lafiya a wurin Hausawa, wanda shi ma daga wannan yanki ya fito, ya nuna yadda lafiya ta haɗa da daidaituwar mutum da jama'arsa. Halin Liman ya shiga cikin bayanan biyu. Muddin ba a ambaci sunan abin ba, shi liman ne mai fama da mura. Ranar da aka ambata, ya zama wanda ake zuwa dubawa, ana sassauta murya idan an shigo zaurensa, ana lissafin wanda zai gaje shi. Shirun nasa ya buɗe ƙofar wasu fassarori. Wasu suka ce sammu ne, suka kuma kalli na'ibin da ya amfana da janyewarsa, mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Gaisuwa ta yi sanyi tsakanin gidajen biyu. Liman ya sha rubutu, ya yi tofi, ya kuskure baki da jiƙon bagaruwa, abin yana nan yadda yake.

Mutum na farko da ya buɗe wa bakinsa shi ne wanzaminsa, wanda ya yi masa aski shekara ashirin, ya yi wa 'ya'yansa maza kaciya, ya cire wa jikokinsa beli. Cikin baki ba baƙon wuri ba ne ga wanzami. Ya sa yatsa ya taɓa, ya juya abin hagu da dama, ya daɗe bai ce komai ba. Daga nan ya ce, "Allah gafarta Malam, maruru yana da zafi, yana da baki, yana nuna. Wannan ba ya zafi, ba shi da baki, kuma shekara huɗu bai nuna ba. Abin da ba ya nuna, askata ba ta shigar sa." Liman ya tambaye shi ko shi ne abin nan da ba a faɗa. Wanzami ya ce wanda ya gani a bakin mutane yana da tauri kamar dutse, yana kafewa wuri guda, wannan kuwa yana yawo a ƙarƙashin yatsa, amma shi ba zai rantse ba. A cikin wannan 'yar magana ya jero kusan dukkan alamomin da likita ke dubawa da hannu: taushi, motsi, rashin zafi, rashin gyambo, da tsawon zama ba tare da ɓarna ba. Ilimin yana hannunsa. Sunan da zai ɗora wa abin ya raba shi da daji ne ba shi da shi.

'Yar Liman ta biyu, wadda ke aikin jinya a wani gari, ita ta karya shirun da ta zo hutun Babbar Salla ta ga mahaifinta yana tauna nama da gefe ɗaya. Ba ta yi masa gardama a kan ƙarfe ba. Ta ce, "Baba, ba aiki za a yi ba, gani kawai za su yi. In sun ce a taɓa, kai ke da bakinka." Ya ce mata ya ga abin da gani ya jawo wa abokinsa. Ta ce, "Shi nasa wata nawa ya yi kafin ya kwantar da shi? Kai naka shekara huɗu, ko ramar kirki ba ka ƙara ba." Ya yi kwana uku bai ba ta amsa ba. A na huɗu ya sa aka kira ta, ya ce ta nemi mota, amma kada mahaifiyarta ta sani sai sun dawo.

Likitan da ya duba shi a sashen tiyatar baki da muƙamuƙi na wani asibitin koyarwa matashi ne Bahaushe, wanda ya yi dukkan karatunsa da Turanci. Ya gane abin tun kafin ya cire safar hannu. Wahalar ta zo wurin faɗa. Kalmar Turancin da ke bakinsa asalinta Latin ne, ma'anarta mai kirki ko mai sauƙin hali, kuma ba ta da takwara tsayayya a Hausa. Ya ce, "Baba, ƙari ne, amma ba mai cutarwa ba ne." Liman ya ce, "Likita, abin da ya raba ni da limanci, ya hana ni ci da mutane, shi ne bai cutar ba?" Likitan ya sake lale, ya ce ba mai tsanani ba ne. Liman ya ji wannan a matsayin irin lallashin da ake yi wa wanda kwanansa ya ƙare, domin haka aka faɗa wa abokinsa. Sai da likitan ya ajiye neman fassara ya ce, "Baba, kitse ne. Irin wanda mahauci ke yankewa a jikin nama. Ya taru ne wuri ɗaya a cikin jaka, ba ya cin nama, ba ya tafiya ko'ina." Liman ya dubi damatsansa ya ce, "Ni da ko tsoka ban ajiye ba, ina na samo kitse?" 'Yarsa ta ce wannan ce dariyar farko da ta ji daga bakinsa a shekara biyu.

Kalmar kitse ta yi aikin da fassarorin biyu suka kasa saboda ta fito daga duniyar da Liman ya sani. Ya sha raba naman layya, ya san kitse ba ya da jijiya mai zafi, ya san yadda yake ɓarewa daga tsoka idan an bi shi ta gaɓarsa. Hausawa kan ce an yi wa rogo kallon kitse idan an ɗauki abin banza da daraja. Shi kuwa kitsen ne ya yi wa kallon daji. Da likitan ya san Larabci, da ya sami wata hanyar ma, domin likitancin Larabci ya raba ƙari gida biyu da kalmomin da kowane almajiri ya sani, hamid da khabis, abin yabo da mugu. Malamin da ya yi shekara arba'in yana fassara waɗannan kalmomi ga ɗalibai ba zai buƙaci dogon bayani ba.

Aikin bai kai awa ɗaya ba. An yi masa allurar kashe zafi a kunci, yana zaune idonsa biyu. Likitan ya tsaga fatar ciki, yana kaffa-kaffa da bututun miyau da ke buɗewa daura da mataunin sama na biyu da kuma jijiyar da ke kai ji ga leɓen ƙasa, ya ɓare jakar daga naman da ke kewaye, abin ya fito ɗungurungum, rawaya, sumul. Da aka jefa shi cikin kwalbar ruwan fomalin sai ya taso sama maimakon ya nutse, kamar yadda kitse ke yi, aka ɗaga kwalbar aka nuna masa. An ɗinke wurin da zaren da ke narkewa da kansa. Bayan mako biyu sakamakon ɗakin gwaji ya tabbatar da abin da aka zata, aka kuma gaya masa cewa irin wannan ba kasafai yake dawowa ba idan an cire shi duka. Ya koma gaban sahu a sallar Asuba kafin wata ya cika. Gyaran abin da ya ɓaci tsakaninsa da na'ibinsa ya fi warkewar kuncin daɗewa, sai da ya taka da ƙafarsa har gidan mutumin, ya kuma faɗa a bainar jama'a bayan sallar Juma'a cewa abin da aka ciro daga bakinsa kitse ne, babu hannun kowa a ciki.

Shekaru huɗun da suka salwanta suna da alaƙa da aikin masu nazarin Hausa kai tsaye. Daga ƙamusun Bargery na 1934 zuwa na Jami'ar Bayero na 2006 an tattara dukiya mai yawa ta sunayen cututtuka, kuma ayyuka irin na Farfesa Aliyu Muhammad Bunza sun bi diddigin maganin gargajiya da na malaman tsibbu. Harshen da ya bambanta ƙurji da maruru da gyambo, ya ware hangum daga maƙoƙo da kaluluwa, ba za a ce masa matalauci a wannan fage ba. Giɓin yana wuri ɗaya ne takamaimai, wato rabuwar da likitancin zamani ya gina kansa a kanta tsakanin ƙarin da ke zaune inda ya tsiro da wanda ke cin nama yana bazuwa. Fassarar da aka fi ji a rediyo da asibiti, mara illa ko mara cutarwa, tana da aibi biyu. Ta farko, mai ciwon ya san ƙarya ce, tunda abin yana hana shi tauna ko magana, kuma ƙarin da ba ya bazuwa ma yana iya toshe numfashi idan ya girma a ƙarƙashin harshe. Ta biyu, tana iya sa wani ya ce tunda ba illa, babu dalilin zuwa asibiti. Abin da ya kamata sunan ya ɗauka shi ne halin abin: ƙari mazauni da ƙari mai yaɗo, ko ƙari mara yaɗuwa da mai yaɗuwa. Manomi ya san bambancin shukar da ke tsaye da mai yaɗo irin kabewa, don haka hoton ba ya buƙatar sharhi. A ƙarƙashin na farko sai a sami ƙarin kitse, a bar wa na biyu kalmar daji ita kaɗai, a kuma cire cutar zaizayar baki daga ƙarƙashinta gaba ɗaya.

Ƙirƙirar kalma a ɗakin taro ba ta isa ba, kamar yadda tarin kalmomin da aka ƙirƙira suka kwanta a littattafai ya nuna. Hanƙa da ganɗa sun rayu ne saboda an sa su a manhaja, malamai sun furta su a aji shekara da shekaru. Kalmomin ciwo ma sai sun bi ta makarantun koyon jinya da na kiwon lafiyar al'umma, da shirye-shiryen lafiya na gidajen rediyo, da bakin wanzamai da ungozomomi waɗanda su ne ake fara nuna wa. Kafin nan kuma akwai aikin fili da ke jiran ɗalibai: a zauna da wanzamai da mahauta da masu magani a Katsina da Sakkwato da Damagaram da Maraɗi, a ji yadda suke kiran abin da ke motsi a ƙarƙashin fata da wanda ya kafe, domin mai yiwuwa wani karin harshe ya riga ya tanadi abin da daidaitacciyar Hausa ke nema. Duk sunan da aka tsayar, dole ya zo tare da gargaɗinsa, cewa gyambon baki da ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba, ko ƙululu mai tauri da ya kafe, ko fari ko jan tabo da ya ƙi gogewa, ba abin jira ba ne.

Tun bayan sanarwar da ya yi a masallaci, zauren Liman ya sami wasu irin baƙi. Mutum kan jira a watse daga karatu, ya matso, ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ma akwai abin da nake so ka gani," sannan ya buɗe baki ko ya ɗaga hannun riga. Liman ba ya taɓawa, ba ya kuma cewa kitse ne. Yakan ba da labarin kwalbar da abin ya taso a cikinta, ya ce shi ma sai da aka duba aka sani, ya haɗa mutum da 'yarsa ta waya. A cikin waɗanda suka tafi ta wannan hanya akwai wani dattijo mai sayar da goro, wanda nasa ya kasance gyambo ne mai tauri a ƙarƙashin harshe, wata biyu da fitowa. Sakamakonsa bai zo da daɗi ba, aka tura shi babban asibiti aka yi masa aiki mai nauyi. Maganarsa ta ɗan sauya, amma yana nan a bakin kasuwa da faifan goronsa, kuma shi ne yanzu ke gardama da duk wanda ya ce a gabansa daji ba ya son ƙarfe.